Google Classroom ko Moodle? Malama, ga abin da ya same ni da kowanne

Malama, kin tambaya wace manhajar koyarwa ta intanet ce ta fi dacewa da ajinki, Google Classroom ko Moodle. Ki ɗauki Google Classroom, ki haɗa shi da Google Forms (manhajar Google ta shirya tambayoyi) don gwaji, ki ƙyale Moodle tukuna. Na faɗa tun a sama ne don kada ki yi ta jan saƙon nan har ƙasa kina neman inda na dosa. Tunda kin ce ɗaliban naki manya ne, ba su kai ɗari ba, da waya za su shiga, kuma ke ce malama, ke ce magatakarda, ke ce mai gyara in abu ya lalace, to ai amsar ta riga ta fito daga bakinki.

Classroom da Moodle duka na yi aiki da su, kuma ɗaya ya ci min kuɗi. A 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, na mayar da ajin lissafin kasuwanci da nake yi da yamma zuwa intanet. A lokacin gani nake idan ba ka da shafi mai sunanka ba a ɗauke ka malami ba. Wani yaro da aka haɗa ni da shi ya ce zai kafa min Moodle, da tambarina da kalar da nake so. Na biya kuɗin sunan shafi, na biya kuɗin sabar (kwamfutar da ake ajiye shafin a kanta) na shekara, na biya ladan aikinsa. Shafi ya fito tsaf, har na riƙa nuna wa abokai a majalisa. Ranar gwajin farko, ƙarfe takwas na dare, ɗalibai suka danna a lokaci guda, shafin ya tsaya cak. Wayata ta ɗauki kuka. Wannan ya ce farin allo yake gani, waccan ta ce ta amsa tambaya shida an koro ta waje. Na kira yaron, waya a kashe. Sai washegari da hantsi ya kira ni yana cewa in ƙara kuɗi a koma babban sabar. Ashe mafi arha ya kama min, irin wanda ake raba wa shafuka da yawa, kamar a ɗauki motar ƙiya-ƙiya mutum ya ce zai yi lodin siminti da ita.

Don a yi adalci, laifin ba na Moodle ba ne. Manhaja ce babba, wani ɗan Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar da ita a 2002, kyauta ce, kowa na iya saukewa ya kafa, kuma manyan jami'o'in karatu daga gida irin Open University ta Ingila da ita suke aiki. Amma kyautar tata irin kyautar doki ce: an ba ki, sauran ciyawa da dusa da mai kula da turke. Sai da sabar, sai da wanda zai riƙa sabunta ta, sai da mai ajiye kwafin bayanai kada a wayi gari makin zango guda ya bi ruwa. Jami'a tana da ofis guda na masu wannan aiki. Ke kuwa kina da kanki da cajar wayarki.

Da na koma Classroom, a zama ɗaya tsakanin Magariba da Isha'i na buɗe aji. Babu abin da na kafa, babu wanda na biya. Yana ba ki wata gajeriyar lambar aji, ki tura wa ɗalibai, duk mai Gmail ya shiga. Kusan duk mai wayar Android kuwa yana da Gmail ko bai sani ba, don da shi aka buɗe masa wayar a shago. Matsalar da za ki fi sha a makon farko ita ce kalmar sirri: rabin ajin ba su san tasu ba, mai shagon da ya buɗe musu ma ya manta. Ki ware kwana biyu na wannan kawai kafin darasi ya fara.

Abin da ya sa na ƙaunaci Classroom wata ɗaliba ce, matar aure mai saida atamfa da mayafai a cikin gida. Wayarta ƙarama ce, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma ba ta iya buga lissafi a waya ba. A littafi mai layi take rubuta jingarta, ta ja jadawalin shiga da fita da rula, ta ɗauki hoto ta ɗora. Kullum wajen ƙarfe ɗaya na dare aikinta ke shigowa, lokacin yara sun yi barci kuma data ta dare ta fi sauƙi. Wani hoton har da inuwar hannunta da gefen tabarma. Ni kuma da asuba in buɗe, in zagaye inda ta haɗa bashin da take bi da kuɗin da ke hannu, in rubuta mata gyara a wurin sharhin sirri, wanda daga ni sai ita ke gani. Wannan sharhin sirrin ba ƙaramin abu ba ne ga manya. Magidanci ko uwar 'ya'ya ba ta son a gyara ta a gaban aji, ko da ajin na cikin waya ne. A zauren WhatsApp da mun yi ta asarar irinta, don da ta ga an yi wa wani gyara a fili sai ta yi shiru ta daina turowa. A nan kuwa har ta gama zangon ba ta tsallake jinga ko ɗaya ba, daga baya ma ta turo min hoton littafin shagonta na gaske tana tambaya ko ta jera shi daidai.

Wani alherin kuma shi ne rigimar "na turo, Malam" ta mutu. Kowane aiki yana da ranar rufewa, kina ganin wanda ya miƙa, wanda bai miƙa ba, da wanda ya makara. A WhatsApp kuwa jingar mutum tana nutsewa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna.

Ki lura da abu biyu. Na ɗaya, idan da Gmail ɗinki na kanki za ki buɗe, aji ɗaya yana ɗaukar mutum 250, kuma ma'ajiyarki gigabayit 15 ce, wadda Gmail da Drive (wurin ajiye fayiloli na Google) da hotunanki suke rabawa. Hotunan jinga suna cika ta da wuri, bidiyo kuwa ba a magana. Ni bidiyon darasi a YouTube nake ɗorawa, in saita shi yadda sai mai linki ne zai gani, in manna linkin a aji. Na biyu, lokacin buɗe aji za a tambaye ki ko a makaranta za ki yi amfani da shi da ɗalibanta. Idan ajin na wata makaranta ne, ƙa'idarsu ita ce makarantar ta yi rajistar Google Workspace for Education, wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantun da suka cancanta. Naki tunda aji ne na ƙashin kanki na manya, wannan bai shafe ki ba.

Yanzu maganar gwaji, wadda na san ita ce ta fi damunki. A nan dole in sara wa Moodle ko ba na so. Yana da rumbun tambayoyi, ki zuba ɗari biyu ya zaɓo wa kowa ashirin dabam, ya sa wa kowane ɗalibi agogonsa, har lambobin cikin tambayar lissafi yana iya canja wa kowa. Forms ba ya wannan. Abin da yake yi shi ne ya hautsina jerin tambayoyi da jerin amsoshi, ya hana mutum amsawa sau biyu, ya yi makin tambayoyin zaɓi da kansa, ya zuba miki sakamako a jadawali. Ba shi da agogon da ke ƙirga wa kowa mintocinsa sai an ƙara masa wata manhaja daga waje. Akwai tsarin kulle allo don kada ɗalibi ya leƙa wani shafi, amma a kwamfutocin Chromebook da makaranta ke kula da su kaɗai yake aiki, ba a wayar Tecno ba. Kuma a asusun kai-da-kai, makin Forms ba ya tsallakowa cikin Classroom da kansa, da hannu za ki kwafe. Ga mutum sittin ko saba'in, aikin kofin shayi ɗaya ne.

Amma bari in gaya miki abin da shekarun nan suka koya min: agogon da nake ta kwaɗayi a Moodle, a wajenmu marar sabis yake hukuntawa, ba mai satar amsa ba. Mai satar amsa yana da waya ta biyu a cinya, ko ƙaninsa na gefe, ko zauren da suka buɗe ba da ke ba, yanzu kuma ga ChatGPT. Kulle allo ɗaya ba ya hana shi komai. Wanda agogon ke ci shi ne wanda aka ɗauke wa wuta cajinsa na kashi tara, ko wadda sai ta fita tsakar gida ta ɗaga waya sama kafin shafi ya buɗe.

Don haka na canja rabon makin gaba ɗaya. Gwajin Forms na mayar da shi ƙaramin abu na mako-mako, maki kaɗan, a buɗe daga safe zuwa dare, amfaninsa in gane inda ba a fahimta ba. Maki mai yawa na kai shi kan aikin da ba ya kwafuwa: kowa ya kawo lissafin sana'arsa ta mako guda, mai kanti na kantinsa, mai ƙosai na ƙosanta. Sannan a ƙarshen zango kowa ya turo saƙon murya na minti biyu yana bayanin yadda ya samu ribar da ya rubuta, wasu kuma in kira su in yi musu tambaya ɗaya da ba su shirya mata ba. Wallahi a cikin daƙiƙa talatin kike gane wanda ya yi aikinsa da wanda aka yi wa. Akwai wanda ya ci goma bisa goma sau huɗu a jere, da na tambaye shi bambancin jari da riba sai ya ce sabis na yankewa.

Darasin kai tsaye kuma kada ki dogara da shi. Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Google Meet yana kai minti 60, duka biyun mutum 100 suke ɗauka. Meet nake amfani da shi don da Gmail ɗin da suka riga suka shiga aji yake tafiya, sau ɗaya a mako, kowa kyamara a kashe don data. Ainihin darasin kuwa murya ce ta minti goma da takardar PDF, mutum ya sauke lokacin da ya samu hali. Zauren WhatsApp ki bar shi na sanarwa kawai, ki kulle yadda ke kaɗai ke rubutu, don gaskiya mutanenmu sun fi duba shi fiye da saƙon Classroom.

Ba ki tambaya ba, amma tunda kin yi maganar a fili, ki shirya: kafin dare za ki ga masu biyo ki ta bayan fage. Kashi na farko su ne masu cewa sun ƙirƙiri manhajar koyarwa tasu, za su sayar miki. Sau da yawa Moodle ɗin nan na kyauta ne aka canja wa riga. Kafa shi sana'a ce, kuma mai yi ya cancanci ladansa, amma wanda ya ɓoye miki abin da yake sayarwa ya fara da ƙarya. Kuma ko wa za ki ba irin wannan aiki nan gaba, sunan shafin da asusun sabar su kasance da imel ɗinki aka yi rajista, kalmar sirrin babban mai kula tana hannunki tun ranar farko. Ni ban yi haka ba, shi ya sa da muka ɓata da yaron nan, shafin da tambayoyin da na kwana ina bugawa duk suka tafi da shi.

Kashi na biyu masu sayar da "Zoom na shekara" a kuɗin da bai kai na wata guda ba. Asusu ɗaya ne ake raba wa mutane da yawa, kina tsakiyar darasi wani ya shiga ya ture ki. Sai masu tallar imel na jami'o'in waje wai da Drive marar iyaka. Google ya daina bai wa makarantu ma'ajiya marar iyaka tun 2022, kuma irin wannan imel ba naki ba ne, ranar da mai kula da shi ya goge shi, duk jingar ɗalibanki ta tafi. Haka masu cewa za su sayar miki da Turnitin, manhajar gano aikin da aka kwafa: makarantu ake sayar wa lasisinsa, ba ɗaiɗaikun mutane ba, kuma idan mai kafen intanet ya ɗora aikin ɗalibi ba tare da ya hana manhajar ajiye kwafinsa ba, gobe in an sake dubawa aikin zai fito kamar an kwafe shi daga kansa. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi kafin ki ga abu yana aiki a wayarki, sayen kifi a ruwa yake kiran ki.

Ranar da ɗalibanki suka haura ɗaruruwa, kika ɗauki wasu malamai, kina ba da takardar shaida da ake son jarrabawa mai tsauri, to lokacin Moodle ya yi, kuma ko a sannan ki fara duba MoodleCloud, inda kamfanin da kansa ke riƙe sabar kina biya duk shekara. Yanzu dai yau da daddare ki buɗe aji na gwaji, ki sa mutum uku, ki tabbata ɗaya daga cikinsu shi ne mai mafi lalacewar waya a cikin ɗaliban, ki ce su ɗauki hoton kowace takarda su miƙo. In ta maƙale miki a wani wuri ki ajiye hoton allon a nan, ina dubawa bayan Isha'i.