Allon taɓawa ko tsohuwar rediyo: wanne ya fi barin idonka a kan titi?

Kafin ka sa a cire rediyon Corolla ɗinka a dasa allo, fara da lissafi. A gudun kilomita 100 a awa, kallon allo na daƙiƙa 2 tafiyar mita 55 ce ido rufe. Shi ya sa a 2013 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta shawarci masu ƙera motoci kada kallo ɗaya ya wuce daƙiƙa 2.

Allon Android mai araha, irin wanda ya cika shagunan kayan mota, shi ya fi jan ido, shi kuma ya fi cin hankali. Mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) 1GB ko 2GB nauyi gare shi: ka taɓa, shiru, ka sake taɓawa, sai ka tsaya kallo ko ya amsa. Wannan jiran ne matsalar. In dai shi za ka saya, nemi 4GB, mai maɓallin murɗa sauti, domin hannu na gane shi ba sai ido ya taya ba. Ka gwada shi da tsakar rana. Wasu sukan dusashe ƙarƙaf cikin hasken rana.

Na'urar Pioneer, Sony ko Kenwood mai CarPlay ko Android Auto (tsarin da ke nuna manhajojin wayarka a allon mota) ta fi tsada, amma gumakanta manya ne, kuma tana hana kallon bidiyo idan mota na tafiya. Binciken gidauniyar AAA (ƙungiyar masu motoci ta Amurka) da Jami'ar Utah a 2018 ya nuna CarPlay da Android Auto sun fi tsarin da ke zuwa da mota sauƙin amfani. Kada dai ka dogara da umarnin murya: masu binciken nan sun gano hankali kan kai daƙiƙa 27 kafin ya dawo bayan magana da na'ura, balle ta kasa gane sunan unguwa ka yi ta maimaitawa.

Ga mai bin hanyar da ya sani, tsohuwar rediyo da Bluetooth da mariƙin waya daidai tsayin ido sun wadatar.

Wajen haɗawa, tsaya a kan mai wayarin. Wayar birkin hannu ita ke kulle bidiyo idan mota na tafiya. Da yawa sukan haɗa ta da jikin mota don allon ya zauna a buɗe. Kada ka yarda. A haɗa maɓallan sitiyari, da wayar da ke rage hasken allo idan an kunna fitila.