Hattara da mai tallar lainin birki a Facebook, ya ci mini Naira 48,000

Kwana 4 ke nan ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in haɗiye, don wallahi kunya nake ji. Shekara 11 ina harkar babur a Jega, ina da Boxer guda 3 da yara ke kabu-kabu da su, ba yau na fara sayen kayan gyara ba. Amma ga shi wani ya zauna inda yake ya karɓe mini Naira 48,000, ya aiko mini da shara a cikin kwali mai ƙyalli, yanzu ƙanena yana kwance a gida da ƙafa a naɗe.

Naira 48,000. Lainin birki saiti 10, kowane saiti 4,500, dubu 45 ke nan, sai 3,000 kuɗin mota daga Kano zuwa tashar Jega. Ina da rasit ɗin tiransifar, ina da hotunan hirarmu tun daga sallama, duk zan saka su ku gani da idonku.

Masu cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, ku dakata tukuna. Ban tura masa kuɗi don na ga hoto ba. Sai da na ce ya aiko da samfur. Ya aiko da saiti ɗaya, na kai wa bakanikena, dattijo ne da ya girmi harkar, ya juya shi ya auna nauyinsa a hannu, ya sa farce a bakin gam ɗin, ya ce "Alhaji, wanga na kwarai ne." Muka ɗaura shi a bayan babur ɗaya, ya yi wata 2 yana aiki lafiya lau, har da ruwan damina. To ku faɗa mini, wane bincike ne ya rage ban yi ba? A nan shagunan gari ana ba ni orijina a 6,500, shi ya ce 4,500 tunda kwali zan ɗauka. Bambancin 2,000 a farashin sari, wannan ai ba abin da zai sa mutum ya tsargu ba ne.

Abin da ya ƙi fita daga kaina shi ne ranar kiran bidiyo. Ya nuna mini shago cike da kaya, ya jawo kwali ya farke a gabana, ya ɗaga saiti ɗaya har ina karanta rubutun jikinsa. Muna cikin magana sai na ji kiran sallah a bayansa, ya ce "Yaya, yi haƙuri in je in yi La'asar, ciniki ba ya gudu." Ya kashe wayar. Bayan ya dawo shi ya fara kira, ya ce "Yaya, tsakanina da kai amana ce, in ka samu ɗaya ba daidai ba ka dawo da shi, ni zan biya mota." Yaya. Haka yake ce mini tun farko. A wannan lokacin ne zuciyata ta kwanta, ina zaune a benci a ƙofar gida na tura kuɗin. Na ga sunan asusun ya bambanta da sunan da yake amfani da shi, na tambaya, ya ce na maigidansa ne. Na yarda. Mutumin da ya katse cinikin 48,000 don ya je sallah, na ce a raina, ba zai ci haram ba.

Ranar Talata ne ƙanena ya faɗi. A'a, bari in koma baya, kayan sun iso tun makon da ya gabata, kuma ranar bakanikena ya tafi Birnin Kebbi, yaronsa ne ya ɗaura wa babur ɗin da ƙanena ke hawa gaba da baya. Kwalin iri ɗaya ne sak da na samfur, ledar ma haka, shi ya sa ban tsaya buɗe sauran ba. Kwana 2 da ɗaurawa ƙanena ya ce mini "Yaya, birkin nan yana ƙara, kuma sai na taka sosai yake kamawa." Na ce masa sabon laini haka yake, sai ya ɗan ci ya zauna daidai da hob, wato ƙoƙon tsakiyar taya da lainin ke gogawa, kafin ya kama da kyau. Kuma gaskiya ne, haka sabo yake yi. Ni na ce masa ya ci gaba da aiki. Wannan maganar tawa ce take cina.

A hanyar Aliero ne, ya ɗauko buhun albasa, shanu suka ɓullo za su tsallaka titi. Ya taka birki, tayar baya ta kulle gaba ɗaya, babur ya ja shi a kwalta. Allah ya taƙaita babu mota a bayansa, kuma ba mutum ya ɗauko ba. Gwiwa ta buɗe sai da aka yi ɗinki, hannu duk ya saɓule.

Da bakanikena ya kwance tayar, ina tsaye a kansa. Baƙin abin nan da ke manne a jikin ƙarfen, wanda shi ne ke shafar hob ya tsayar da taya, ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, ya naɗe ya cushe tsakanin ƙarfe da hob. Ya ɗauko sabo daga kwalin, ya sa sukundireba a gefe ya ɗan danna, sai ga shi ya ɗago ba wahala. Ya kankare fentin, sai ga tsohon alminiyam a ƙasa, bakin da kam ke turawa, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe lainin in an taka birki, duk ya cinye. Wato tsofaffin laini suke tsintowa, su goge da samfefa, su manna wani abu da gam ɗin banza, su fesa fenti su zuba a sabon kwali. Gam ɗin da ba ya jure zafi, birki kuwa aikinsa ke nan, zafi. Ya ɗora na samfur a hannuna na dama, na kwali a na hagu, ko makaho zai ji bambancin nauyi. Sifirin ɗin ma da yatsa biyu nake buɗe shi. Hob ɗin ya karce, sai an sauya, wannan wani kuɗin ne daban ban da na asibiti, ban da 48,000.

Ga wani abin kunyar kuma, na sayar wa maƙwabcina saiti 2 a yadda na saya, ina ganin alheri na yi masa. Da daddare na je na buga masa ƙofa na ce kada ɗansa ya hau babur ɗin nan da safe. Na mayar masa da 9,000 ɗinsa. Bai ce komai ba, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni.

Na kira mutumin, da farko ya ɗauka, ya ce "Subhanallahi, Yaya, bari in yi magana da maigida." Na tura masa hoton gwiwar ƙanena, ya buɗe ya gani. Washegari ya yi bulokin ɗina a WhatsApp, layin a kashe. Shafin nasa kuwa yana nan, sunan kawai ya sauya, jiya ma na ga ya saka tallar sarƙa da filogi, mutane suna tambayar farashi.

Kada ku sayi lainin birki a waya. Ku je shago da bakanike, a buɗe kowane saiti a gabanku, ba ɗaya ba. In sunan asusu ya bambanta, ku fasa. In birki ya fara ƙara, a kwance a duba ranar.

Saura saiti 5 suna nan a kwalinsu, ban zubar ba, duk mai son gani a Jega ya zo ya riƙe da hannunsa. Hotunan hirar da rasit ɗin 48,000 zan saka anjima, in na dawo daga kai ƙanena wankin ciwo.