Geiger, NaI ko jamaniyum: wace na'urar ƙirga ta dace da ɗakin gwajinku?

Ranar Laraba bayan la'asar wani tsohon ɗalibina da ke koyar da fiziks a Daura ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ware mana ɗan kuɗi na kayan ɗakin gwaji. Ina so yara su auna rushewar ƙwayar zarra da hannunsu, ba a allo kawai ba. Wace na'ura ce ba ta kuskure?" Na ce masa babu ita, ko a Amurka. Abin da zai nema shi ne na'urar da zai iya sanin girman kuskurenta.

Labarin nutiron ne ya sa nake faɗin haka. Idan nutiron, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, ya fita daga cikin ƙwayar zarra ba ya daɗewa, kusan minti 15 ne matsakaicin rayuwarsa, sai ya rushe ya zama furoton da ilekturon da wata ƙwaya mai wuyar kamawa da ake kira antinutirino. Hanya biyu ake auna wannan lokaci. A ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka suna tara nutiron masu tsananin sanyi a tarkon maganaɗisu, su jira, su ƙirga waɗanda suka rage. A 2021 sun samu daƙiƙa 877.75. A NIST kuwa, cibiyar ma'aunai ta Amurka, nutiron na wucewa ne kamar ruwa a bututu, ana ƙirga furoton ɗin da ke fitowa. Sakamakonsu na 2013 daƙiƙa 887.7 ne. Tazarar daƙiƙa 10 ke nan, ta fi kuskuren da kowane ɓangare ya lissafa wa kansa. Waɗannan mutane ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma ƙwarewa ba. Abin da ake bincike a kai shi ne ko akwai ƙwayoyin da ke sulalewa ba a ƙirga su ba. Wannan damuwar ita ce dai za ta same ka a kan teburinka, sai dai ƙarama.

Mafi araha ita ce Geiger, bututun da ke bugawa duk sanda tururin nukiliya ya shige shi, kuma ita nake ba makarantar sakandare da ajin farko na jami'a shawara. Amma Geiger suna suka tara. Akwai ƙananan na aljihu da suka cika kasuwar intanet, masu bututun gilashi ko na ƙarfe. Cikin nau'o'in tururi uku, wato alfa da beta da gama, suna jin gama da beta mai ƙarfi, alfa kuwa ba ya ratsa bangonsu. Akwai kuma mai faffaɗan baki kamar faifai, da taga ta siririn ma'adinin maika, wadda ke jin alfa da beta da gama. Ta fi tsada, amma ita ce ta koyarwa. Tagar nan ta fi fatar albasa laushi. Na taɓa ganin ɗalibi ya kai bakin biro don ya nuna wa abokinsa inda tururin ke shiga, sai muka ji ɗan ƙara, shi ke nan bututun ya tashi aiki. Ka tabbata taka ta zo da ragar kariya da murfi.

Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa abu biyu. Shin tana nuna ainihin adadin bugun da ta ƙirga cikin lokacin da ka zaɓa, ko kuwa lambar hatsari ga jiki kawai take nunawa? Wadda ba ta ba ka adadin bugu, ko ba ta tura shi kwamfuta, ba ta gwaji ba ce. Dalili kuwa shi ne lissafin kuskure a kan adadin yake: bugu 100 na ɗauke da rashin tabbas na kashi 10 cikin ɗari, bugu 10,000 kashi 1 ne kacal. Haƙurin jira ne ke sayo wannan, ba naira ba. Na biyu, tsawon lokacin da take suma bayan kowane bugu. Bututun Geiger yakan yi kamar daƙiƙa ɗaya bisa 10,000 bai ji komai ba. Idan ƙwayoyi 1,000 ke shigowa a daƙiƙa, kusan kashi 10 cikin ɗari sun wuce ka. In babu wannan lamba a takardar na'urar, ba yadda za ka gyara lissafinka.

Geiger tana gaya maka an buga ƙofa, ba ta gaya maka wane ne ya buga. Mai son bambance sinadari da sinadari sai ya hau zuwa lu'ulu'un NaI, wato sinadarin sodiyum da aidin, wanda ke auna ƙarfin kowane gama da ma'aunin keV: siziyum-137 ya fito a 662 keV, fotasiyum-40 a 1461 keV. Ga sashen fiziks da ɗalibansa ke auna ƙasar gona ko dutsen gini ko ruwan rijiya, wannan ce ta dace. Sai dai yanayinmu na gwada ta. Zafi na motsa ma'auninta. A watan Afrilu a nan Katsina na saita tawa da hantsi, kafin azahar layin da ke nuna ƙarfin gama ya gusa daga inda na bar shi. Dole ka riƙa sake saiti, ka ajiye ta a ɗakin da zafinsa bai cika hawa da sauka ba, ka kuma ba ta wuta daga batir da inbata, ba kai tsaye daga janareta ba. Lu'ulu'un yana shan danshi, saboda haka in na hannu za ka saya, duba ko gwangwaninsa ya tsage ko cikinsa ya yi rawaya. Ka sa kuɗin garkuwar dalma a lissafi tun farko.

Na'ura mai lu'ulu'un jamaniyum ta fi su duka kaifin gani nesa ba kusa ba, amma sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 196 ƙasa da sifiri, da ruwan naitirojin ko injin da ba ya son ɗaukewar wuta. In ba ka da tabbacin ɗayan biyun duk mako, kada ka saya.

Nutiron kansa kuwa, Geiger da NaI ba don shi aka yi su ba. Bututun hiliyum-3 ko na boron ake amfani da shi. Mai son ɗalibansa su ga aikin nutiron ya nemi izinin kai su CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1 ke aiki tun 2004. Kuma kafin ka yi odar kowane sinadari mai fitar da tururin nukiliya, tuntuɓi NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, kan lasisi.

Ɗalibin nawa ya tsaya a kan Geiger mai tagar maika guda biyu, maimakon babbar na'ura ɗaya, don a riƙa gwada ƙirgen wannan da na waccan. Na ce ya fara da auna ɗakin ba komai a gaban na'urar, na awa guda, ya rubuta ya ajiye. Sannan ya hura balan-balan, ya goga ta a riga, ya rataye ta rabin awa a ɗakin ajiya da ke rufe. A busasshiyar iskar hunturu tana janyo 'ya'yan iskar radon sosai, wato sinadaran da wannan iska mai fitowa daga ƙasa ke zama idan ta rushe. Ya sace iskar, ya shimfiɗa ta gaban tagar, yara su ƙirga duk minti biyar. Cikin 'ya'yan radon ɗin, dalma-214 rabin rayuwarta, wato lokacin da rabinta ke rushewa, kusan minti 27 ne, bismut-214 kusan minti 20, don haka kafin a tashi daga makaranta za su ga ƙirgen ya sauko kusa da na ɗakin.