Waƙoƙin 2025: akwai amshi, babu baiti

Mafi yawan sababbin waƙoƙin Hausa da na saya a 2025 ba su ci kuɗinsu ba. Akwai 'yan ƙalilan da ko gobe aka ce in sake biya zan biya ba ciniki, amma idan aka tara duk abin da ya shiga memorina tun daga Janairu, asarar ta rinjayi ribar.

Ni tela ne a Tudun Wada ta Kaduna, kuma duk wanda ya san shagon ɗinki ya san sifika ba ta hutawa. Daga buɗe shago har rufewa waƙa na tashi, in ban da lokutan salla da watan azumi da muke komawa tafsiri. Waƙa a wurinmu ba ji ɗaya ake yi mata a wuce ba. Za ta zagayo da hantsi, ta zagayo da la'asar, a kwanan shago na gab da Babbar Salla kuwa har asuba tana zagayowa. Wadda ba ta da ciki, kafin mako ya fita yaran shago sun fara tsallake ta ba tare da na ce uffan ba.

Hanya biyu nake saye. Ta farko wurin masu tura waƙa da ke bakin kasuwa da kwamfutarsu, ka miƙa memori ko waya a loda maka kundi guda. Ta biyu a waya, ta Audiomack da YouTube, inda ake cewa kyauta ne alhali data ce ke biya. Tun da Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa cewa kallon bidiyon waƙa ma saye ne. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, amma a layinmu ban san masu biyan kuɗin wata sun kai a ƙirga ba.

Babbar matsalar waƙoƙin bana ita ce an gina su ne domin TikTok. Za ka ji wani guntu yana yawo, 'yan mata na hawa, yara na rerawa a lungu, kuma tsakani da Allah guntun ya yi daɗi. Ka je ka biya a tura maka cikakkiyar waƙar, sai ka tarar wannan guntun shi ne waƙar gaba ɗaya. Amshi ne mai kama zuciya na rabin minti, aka maimaita shi sau biyar ko shida, aka cusa baiti biyu a tsakani waɗanda ko mawaƙin aka tare a hanya ba lallai ya iya kawo su ba. Kalmomin ba su wuce zuciya, ruhi, jini da hanta, aka jera su domin ƙafiya ta zauna, ba domin akwai abin da ake son faɗi ba. Kamar riga ce da aka zuba wa aiki a wuya, amma gefe ɗinki ɗaya aka bi, wanki biyu ta buɗe.

Abin ya fi ba ni takaici a wani kundi da na jima ina jira, na mawaƙin da na daɗe ina saurara. Waƙa ta farko ta ɗauko labarin yarinyar da iyayenta suka ƙi saurayinta saboda ba shi da aikin yi. Baitin farko ya kafa labarin da kyau, har na ɗaga ƙafa daga keke ina jiran in ji yadda za ta kaya. Baiti na biyu sai ya koma yabon ido da haƙori. Ina iyayen, ina saurayin, ina aikin? Shiru. Babban yarona ya ɗago kai ya ce, "Maigida, ai labarin ya mutu a hanya." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya iya buɗe labari haka ya iya rufe shi, gaggawa ce kawai ta hana shi zama.

Sai kiɗa. Jera waƙoƙi goma na bana ka rufe ido, da ƙyar za ka gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Fiyano iri ɗaya, da wannan ganga mai gurnani ta amapiano da aka aro daga Afirka ta Kudu, wadda yanzu ake zuba wa waƙar soyayya da ta biki da ta siyasa ba bambanci. Aro ba laifi ba ne, kiɗan fiyanon kansa ai ba da shi kakanninmu suka tashi ba. Abin da ke damuna shi ne situdiyo da yawa kamar kiɗa ɗaya suka ajiye suna sauya masa murya. Muryar ma an matse ta da Auto-Tune, manhajar gyara murya, har ta daina kama da ta ɗan Adam, mai zaƙin murya da marar ita duk sun zama ɗaya.

Waƙoƙin biki da aka sa a kundi kuwa ba na mai saye ba ne. An riga an biya mawaƙin, ya jera sunan amarya da ango da ƙawaye da dangi, sannan a sake sayar mini da ita. Na siyasa ma haka. Waɗannan ban ma bari su kwana a memori.

To, me ya ci kuɗinsa? Na farko wani ƙaramin kundi ne na wani matashi da ya shigo da kalangu na gaske situdiyo, ba na kwamfuta ba. Bambancin a fili yake. Kalangu na hannu yana magana, makaɗi na matsa tsarkiya a hammata sautin ya hau ya sauka yana bin muryar mawaƙi, wani lokaci ya riga shi faɗin abin da zai faɗa. Na'ura ba ta yin wannan, bugu ɗaya take maimaitawa. A cikin kundin akwai waƙa kan ɗan acaɓan da ya bar gari neman kuɗi ya bar uwa ba lafiya, baiti biyar, kowanne ya ɗora a kan na bayansa. Wata Hajiya da ta kawo ɗinkin 'ya'yanta ta zauna a benci har waƙar ta ƙare, sannan ta ce, "Malam, don Allah a tura mini wannan." Wata shida ke nan tana cikin jerinmu, ba wanda ya taɓa tsallake ta.

Mu da muka tashi da Rediyon Tarayya na Kaduna, gidan da ke watsa shirye-shirye tun 1962, kunnenmu ya saba da irin wannan. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har yau in aka sako kalangun wancan ko kuntigin wannan, mutum na iya bin magana daga farko har ƙarshe. Ba cewa nake matasa su koma yin irin tasu ba, zamani riga ne. Cikar magana kawai nake nema.

Na biyu, abin da ban zata ba, 'yan gambarar zamani na nan Kaduna. Kiɗansu ba irin nawa ba ne, yaran shago ne suka matsa aka sa. Amma da na kasa kunne sai na ji sun fi masu waƙar soyayya zama su yi rubutu. Suna maganar tsadar mai, da rashin wuta, da zaman majalisa ba aiki, da Hausar da ake yi a Rigasa da Kawo da Unguwar Sanusi. Akwai masu ashar da fariya, waɗannan na goge, shago wurin shigowar mata da yara ne. Sauran sun zauna. Waƙoƙin bege da suka fito wajen Maulidi su ma biyu-uku sun yi kyau, musamman waɗanda aka bar mandiri ya fito ba a danne shi da fiyano ba.

Akwai kuma abin da ba laifin mawaƙa ba ne. Sau da yawa abin da ake tura maka a kasuwa ba shi da inganci. Waƙa mai minti huɗu idan mai kyau ce sosai takan kai megabait tara zuwa goma, matsakaiciya wajen huɗu. Wasu da aka loda mini ba su wuce biyu ba, a waya ba ka ganewa, amma da ka haɗa da babbar sifika sai kiɗan ya riƙa shashshaka. Wasu kuma tsakiyar baiti sai wata murya ta faso tana tallar shafin da aka sauko da waƙar. Na taɓa samun waƙa ɗaya sau uku a kundi guda, kowacce da sunanta daban. Yanzu kafin in miƙa kuɗi sai an nuna mini nauyin kowace waƙa, kuma sai an sa mini baiti na biyu na ji, ba amshi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin da nake miƙawa a bakin kasuwa ba ya isa hannun mawaƙi. Mai turawa na neman abincinsa ne, ban ga laifinsa ba, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba ta canza komai a wannan teburin ba. Mawaƙin da ya san kundi ba zai kawo masa ko sisi ba, dole ya karkata inda kuɗi yake: biki, ɗan siyasa, da guntun da zai yi tashe ya jawo masa gayyata. Yaron nan mai kalangu ya biya makaɗa, ya biya situdiyo, ya zauna ya rubuta baiti biyar, ni kuma na ji daɗin aikinsa wata shida ba tare da ya ga kwabona ba. Na sa yarona ya nemo shafinsa, mun tura masa saƙo muna tambayar lambar asusun da za a sa masa kuɗin kundin.