Wani shagon gyaran kwamfuta a Samaru

Na kai kwamfutata wani ƙaramin shago a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, bayan allonta ya yi baƙi ƙirin saboda na ɗaga ma'aunin hoto zuwa 1920x1080, alhali tsohon allon iyakarsa 1366x768. Mai gyaran bai kwance ko noti ɗaya ba, abin da ya burge ni ke nan. Ya katse tashinta sau uku har Windows ta buɗe shafin gyara, ya tayar da ita da ƙaramin ma'auni, sannan ya daidaita shi. "Malam, allonka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. Sai dai na yi zaman kusan awa guda a kan benci kafin a tayar da janareta.