Sharhi Kan Wani Kwas Na Intanet Game Da Tarihin Ra'ayoyin Renon Yara

Na kammala wani kwas na intanet mai makonni takwas da aka shirya domin iyaye da malaman ƙananan yara, wanda manufarsa ita ce nuna inda shawarwarin da ake ba mu kan reno da tarbiyya suka samo asali. Kowane mako yana ɗauke da bidiyoyi, da ɗan karatu, da gwaji a ƙarshe. A ganina ya cancanci lokacin da na ba shi, ko da yake ba a rasa inda ya gaza ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na John Watson, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda a littafinsa na 1928 ya gargaɗi iyaye kada su riƙa rungumar 'ya'yansu ko sumbatarsu, har ya ce da safe musafaha ta wadatar. Malamar kwas ɗin ba ta mayar da shi abin dariya ba, sai ta bayyana cewa a zamaninsa ana ganin kimiyya za ta iya sarrafa ɗabi'ar yaro yadda aka ga dama. Daga nan ta kai mu ga rahoton da John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya raba ɗimbin yara da iyayensu, da kuma gwajin Harry Harlow, inda 'ya'yan birai suka fi manne wa uwar bogi mai tsumma mai laushi a kan ta waya mai ba da madara. Shekara 23 kacal ke tsakanin Watson da rahoton Bowlby, amma abin da wancan ya hana shi ne wannan ya ce yaro ba ya iya yi sai da shi.

A makon Jean Piaget, masanin da ya yi nazarin yadda tunanin yara ke girma mataki-mataki, an ba mu aikin gida. Na zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu a gaban 'yata mai shekara biyar, ta yarda daidai suke, sannan na juye ɗaya a wani dogon kofi siriri. Nan take ta ce na dogon ya fi yawa, kuma duk bayanin da na yi bai sa ta sauya ba. Da a da ne, da na kira wannan taurin kai, amma a wurin Piaget mataki ne da tunanin yaro ke bi. Lev Vygotsky, wani masanin koyon yara, kuwa 'yan mintoci kawai aka ba shi, alhali ra'ayinsa na cewa yaro yana koyo ne a kan abin da zai iya yi idan babba ya tallafa masa ya fi kusa da abin da iyaye ke yi kullum.

Babban aibin kwas ɗin shi ne inda ya fara tarihin. Ya soma da masana falsafa na Turai, John Locke a 1693 da Rousseau a 1762, sai ka ce babu wanda ya yi tunani a kan yaro kafin su. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa yaro amana ne a hannun iyayensa, kuma zuciyarsa kamar dutse ne mai daraja da ba a yi wa zane ba, maganar da ta yi kama da ta Locke cewa tunanin yaro kamar farar takarda ne da ba a yi rubutu a kanta ba. Haka nan an gabatar da salon reno guda uku na mai bincike Diana Baumrind (mai tsanani, da mai sakin jiki, da mai haɗa doka da kulawa) tamkar ma'aunin kowane gida, ba tare da an jaddada cewa a shekarun 1960 ta yi bincikenta a kan iyalai masu rufin asiri a Kalifoniya ba.

Gwaje-gwajen ƙarshen mako haddar suna da shekara ne kawai, kuma tambayar da na aika wa malamar a kan wannan batu na Baumrind sai bayan kwana 12 aka amsa mini, da layi biyu.