Me zan saya ping ɗina ya sauko? Fayiba, Starlink, 5G ko busta

'Yan'uwa masu buga PUBG da Call of Duty da FC a nan Arewa, kusan kullum sai wani ya tambaye ni wai me zai saya lag, wato jinkiri da ƙamewar gem, ya ƙyale shi, shi ya sa na ce bari dai na zauna na faɗi abin da na sani kafin wani ya sake zuba kuɗinsa a banza.

Ping shi ne lokacin da saƙo yake ɗauka ya je sabar gem, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke gudana a kanta, ya dawo, da milisakan ake auna shi. Akwai ping ɗin da ko nawa ka kashe ba zai fita ba, wannan sai an fara yarda da shi. Saƙo a cikin wayar fayiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan guda, ke nan duk kilomita 100 zuwa da dawowa milisakan 1 yake ci. Legas zuwa Landan wajen kilomita 5,000 ne a miƙe, ka ga milisakan 50 sun tafi tun ba a yi maganar komai ba, kuma wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da Equiano ba miƙewa suka yi ba, gaɓa suke bi su zagaya har Portugal ko Ingila, mu kuma na Kano da Kaduna da Sakkwato sai saƙonmu ya fara gangarawa Legas tukuna. Don haka in sabar gem ɗinka tana Frankfurt, duk wanda ya ce zai ba ka ping 20 daga Kano ƙarya yake maka ko me yake sayarwa. Abin da kuɗinka zai iya gyarawa shi ne tsakanin hannunka da Legas, da kuma ping ɗin ya tsaya wuri ɗaya, don wallahi 120 da ya tsaya cak ya fi mini 90 mai tsalle zuwa 300 daidai lokacin da na buɗe wuta.

Ni dai fayiba ce zaɓina, ba na ɓoyewa. In ta shigo unguwarku kar ka tsaya dogon tunani. Dalili kuwa ba yawan Mbps, wato saurin sauke data, ba ne, gem ba ya cin data mai yawa, ƙaramin tsari ma ya isa, kar mai talla ya tura ka ga babba da sunan zai rage ping. Abin da na so da ita shi ne ba ruwanta da cunkoson ƙarfen sabis, bayan sallar isha'i lokacin da duk unguwa ta hau TikTok ita tana nan yadda take da safe. Amma sai ka haɗa ta da wayar LAN daga rauta zuwa PS ko kwamfuta, mai buga gem a waya ma akwai ɗan adafta na USB-C da ake soka LAN a ciki, kuma wayoyi da yawa suna karɓarsa. In dole sai Wi-Fi to ka hau 5GHz ka zauna kusa da rauta, 2.4GHz ɗin nan kowa a kansa yake. Sannan ka sayi ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, don NEPA ta ɗauke kana tsakiyar wasa fayibarka ba ta da amfani. Kafin ka biya kuɗin haɗi ka je gidan maƙwabcin da ke kan kamfanin fayibar da dare, ka buɗe Speedtest, manhajar gwada intanet, ka canza sabar zuwa Landan ko Frankfurt, kar ka bar shi ya zaɓi ta kusa. Ka kuma tambayi kamfanin wayoyin teku nawa suke bi, wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka katse a tekun Afirka ta Yamma ya san amfanin tambayar nan.

Starlink shi ne na biyu, musamman wanda yake inda fayiba ba ta je ba. Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, taurarinsa suna sama da kusan kilomita 550 ne kawai, shi ya sa ba irin tsohon intanet ɗin tauraron ɗan Adam ba ne mai ping 600. Sai dai yana da tsada, yana shan wuta, ruwan sama mai ƙarfi na taɓa shi, kuma reshen darbejiya ɗaya ya tare faranti sai ka ga gem ya ɗan ƙame.

Rautar 5G tana da kyau in ƙarfen yana kusa da gidanka, ka ari ta wani ka gwada da dare kafin ka saya. MiFi kuwa a bar shi ga WhatsApp. Rauta mai ƙahonni takwas da fitilu da ake cewa ta 'yan gem, ado ne, sai dai in tana da QoS, tsarin da ke fifita gem a kan sauran masu cin data, kuma gidanku akwai masu sauke fim kana wasa.

Yanzu busta, wato manhajojin da ake cewa suna rage ping. Irin su ExitLag da WTFast da GearUP ba sa rage nisa, hanya kawai suke canza maka, in kamfanin intanet ɗinka yana zagaye da kai ta wata ƙasa ba dalili to za su taimaka, in hanyarka dama a miƙe take ƙara maka ping ma za su iya yi. Gwajin kyauta za ka fara, kar ka biya na shekara. Canza DNS, saitin da ke nemo adireshin shafukan intanet, zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 shi ma ba ya taɓa ping ɗin cikin wasa.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne 'yan damfara. Ƙanena ya sauke wata manhaja da aka turo a guruf wai tana mayar da ping 10, ta ce ya shiga da Facebook ɗinsa, washegari akawun ɗin da ya yi shekara uku yana ginawa ya tafi har da kayan da ya saya da kuɗinsa, yaron nan kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Duk APK, wato fayil ɗin manhaja, da ba daga Play Store ko shafin kamfanin ba, duk wanda ya nemi faswod ɗinka, duk fayil ɗin da aka ce ka saka cikin foldar gem, ka guje shi, ko bai sace ka ba zai ja a rufe maka akawun. Haka Starlink na hannu, in mai shi bai sake shi daga akawun ɗinsa ba ka sayi faranti ne kawai, sai an yi tiransifa a gabanka ka ga yana aiki da sunanka sannan ka miƙa kuɗi.

Ni kaina wayar LAN ce ta ƙona ni. Na sayi mita 40 a wani shago an rubuta Cat6, alamar waya mai inganci, ɓaro-ɓaro a jiki, wata biyu ina zagin kamfanin intanet ashe wayar ce ke yankewa, cikinta aluminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ka tafi da reza, ka sa a yanko maka ɗan guntu ka kankare silin a gaban mai shagon, in ja ne har ciki ka biya, in fari ya fito ka ajiye masa kayansa.